Kayan saita taimin ɗin injin dizal a gida: abin da za ka saya da abin da za ka bari

Akwatin farko da na saya don wannan aiki ja ne mai ƙyalli, cike da ƙarafa sama da talatin, kowanne kwance a gurbinsa. An rubuta a murfinsa cewa yana yi wa kusan kowace mota. Ranar da na buɗe inji, ƙarfe uku kacal suka yi mini amfani, kuma ɗaya daga cikinsu, fil ɗin da ke kulle famfon mai, yana shiga raminsa yana lilo. Na ɗaure komai a haka. Mota ta koma wahalar tashi da sanyin safiya, tana tuttuɗo farin hayaƙi mai yaji a ido, na yi ta zargin nozul (bakin da ke fesa mai cikin silinda) da hita (mai ɗumama silinda kafin tashi). Sai daga baya na auna fil ɗin: inda ya kamata ya kai milimita 6, na tarar da 5.6. Ɗan wannan giɓi da ido ba ya gani shi ya ci mini kwanaki.

Tun daga nan na canja yadda nake kashe kuɗi a kan kayan taimin. Kayan iri biyu ne. Akwai masu riƙewa, akwai masu aunawa. Masu riƙewa ƙarfe ne kawai, na araha ma zai yi muddin ka auna shi ya cika. Masu aunawa kuwa, a nan ne ba a rowa, domin in ma'auni ya yi maka ƙarya ba ka da hanyar ganewa sai inji ya faɗa maka, kuma inji ba ya faɗa da sauƙi.

Me ake saitawa tukuna?

Taimin shi ne daidaita lokacin abu uku da dole su yi tafiya tare: karanshaf mai ɗaga fistin, kamshaf mai buɗe bawul, da famfon da ke tura mai zuwa nozul. A injuna da yawa bel mai haƙora ne ke haɗa su. Karanshaf na juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa shi, don haka lokacin fesa man shi ne komai. In ya makara, inji zai yi nauyin tashi, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya yi fari ko toka-toka. In ya yi gaggawa, sai ka ji ƙara kamar ana buga guduma a cikin silinda, fistin da gasket su ne ke shan dukan.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Saboda tsananin matsi, tazarar da ke tsakanin kan fistin da bawul ƙanƙanuwa ce ainun. A kusan duk injunan dizal, in bel ya goce da 'yan haƙora, fistin zai doki bawul. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a ƙasa ya ginu a kan cika awo.

Mataki na farko: kada ka sayi komai sai ka san lambar injinka

Sunan mota ba ya isa, girman inji ma ba ya isa. Abin da kake nema shi ne lambar inji, 'yan haruffa da lambobi da aka buga a jikin bulok, ko a takardar da ke manne a murfin bel, ko a takardun motar. Goge wurin da tsumma da ɗan mai, ka haska da tocila, ka ɗauki hoto.

Ga misalin da ke nuna dalili. A injunan TDI na Volkswagen masu famfo a kan kowane nozul, ƙarfen kulle karanshaf iri biyu ne: T10050 na masu giya (faifan haƙora da bel ke hawa a kan karanshaf) zagayayya, T10100 na masu giya mai ɗan siffar ƙwai. A ido kamar tagwaye suke, amma in ka sa wannan a wurin wancan taimin ya goce. Haka injin K9K na Renault, wato 1.5 dCi, wanda ke cikin wasu motocin Nissan ma: a wasu nau'o'insa giyar karanshaf ba ta da makulli a jikin shaf, matsin ƙusar fuli ne kaɗai ke riƙe ta. Kana sassauta ƙusar giya ta zama 'yar kanta, kuma duk fentin da ka shafa a matsayin alama ya tashi a banza. Irin wannan inji ba a yinsa sai da fil ɗinsa.

Da lambar a hannu, nemi littafin gyaran injin. Ni a wurina shi ne kayan aiki na farko, kuma ko da shi kaɗai za ka saya a wannan watan, ka yi ciniki mai kyau. Daga cikinsa ka kwafe abu huɗu a takarda: lambobin kayan kulle da kamfani ya ambata, kaurin kowane fil, awon ɗaurin kowace ƙusa da za ka taɓa, da awon taimin ɗin famfo in injinka mai buƙatar haka ne. Wannan takardar ita ce jerin sayayyarka. Abin da ba ya cikinta, ka bar shi a kanta.

Mataki na biyu: wane irin famfo gare ka?

A nan ake raba hanya, domin kowane iri da kayansa.

In fayif-fayif ɗin nozul suna fitowa a jere daga saman famfo, kowane silinda da nasa bakin, famfon layi ke nan, irin na tsofaffin Mercedes, manyan motoci da taraktoci da yawa. Wannan da ɗigon mai ake saita shi, kuma kayansa kusan kyauta ne.

In fayif ɗin sun taru a da'ira a bayan famfo, mai juyawa ne. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne samfurin VE na Bosch, da 'yan'uwansa da Denso da Zexel suka ƙera wa motocin Japan, irin wanda ke kan injunan Toyota 3L da 1HZ. Shi ne mai buƙatar agogon awo da adafta. Famfunan Lucas CAV su ma masu juyawa ne, amma wurin da ake auna su da kayan awonsu daban ne, kada ka ɗauka adaftar VE za ta yi musu.

In kuwa fayif ɗin duk suna fitowa daga doguwar sandar ƙarfe guda, nozul kuma da wayoyin lantarki a kansu, kwamon rel ne, tsarin da ya shigo ƙananan motoci a 1997 da Alfa Romeo 156. A nan famfo matsi kawai yake tarawa, ƙwaƙwalwar mota ce ke yanke lokacin fesa mai bisa abin da sensar karanshaf da ta kamshaf suka gaya mata. Ba ka buƙatar agogon famfo ko kaɗan. Fil ɗin kulle da sifanar awon ɗauri su ne kayanka. Sai dai wasu daga cikin waɗannan injuna suna son a daidaita giyar famfon ma a kan alamarta, littafi zai faɗa.

Sai ƙananan injuna masu silinda ɗaya ko biyu ko uku, na janareta da injin ban ruwa. Da yawansu da siraran faifan ƙarfe da ke ƙarƙashin famfo ake gyara musu taimin: ka ƙara faifai mai ya makara, ka rage ya yi wuri. A injunan Kubota da yawa, kaurin milimita 0.05 na matsar da taimin kusan rabin digiri. Saboda haka duk faifan da ka ciro ka ƙirga su, ka adana su wuri guda.

Mataki na uku: fil da farantin kulle, inda ake rage kuɗi

Sayi ƙaramin saiti na injinka kaɗai, mai ƙarfe uku ko biyar. Babban akwati kuɗin ƙarafan wasu motoci kake biya, kuma sau da yawa yawan ne ake amfani da shi a rufe rashin inganci. In ta intanet za ka saya, duba ko mai sayarwa ya rubuta lambar injinka da lambobin kayan kamfani da nasa suke maye wa gurbi. In sunayen motoci kawai ya jero babu lambar inji, wuce. Ka kuma tabbata akwai damar mayarwa in bai dace ba.

Wani lokaci ma ba sai ka sayi komai ba. Tsohon injin XUD na Peugeot da Citroën ana kulle shi da sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8 a ramin filawil (babban faifan ƙarfe da ke bayan karanshaf), da ƙusoshin M8 na yau da kullum a giyar kamshaf da ta famfo. A wasu injuna gindin bakin diril, wato ɓangaren da ba shi da kaifi, yana zama fil mai kyau, domin kaurinsa a cike yake. Sai dai ƙarfen diril yana iya karyewa. In ya karye a ramin filawil ka jawo wa kanka aikin sauke akwatin giya. Ka sa shi a matsayin alama kawai, kada ka ɗora masa nauyi.

Wannan magana ta shafi kowane fil, na tsada da na araha. Fil ba don ya riƙe inji kana kwance babbar ƙusa aka yi shi ba. Aikinsa ya nuna maka cewa ramuka sun haɗu. Wanda ya bar fil a ciki ya hau kan doguwar sifana, ko fil ya lanƙwashe ko ramin ya tsage, ko kunnen kamshaf ya ɓalle. Don haka cikin kuɗin da ka rage a nan, ware na ƙarfen riƙe giya, mai kama da cokali mai yatsu biyu da doguwar mariƙa. In kana da mai walda a kusa, ƙarfe biyu da ƙusa uku sun isa a haɗa maka shi.

Ko da saitin na wane kamfani ne, yana isowa ka auna shi. Wannan ya sa ma'aunin kauri, wanda ake kira baniya, ya zama dole. Na araha mai lambobin lantarki ya wadatar. Rufe bakinsa ka ga ya nuna sifili, ka gwada shi a kan abin da ka san kaurinsa, sannan ka auna kowane fil a wuri biyu ko uku. Mirgina fil a kan gilashi, in ya karkace za ka ga yana ɗingishi. Farantin kulle kamshaf kuma kwantar da shi a gilashin ka danna kusurwoyinsa, kada ya yi rawa. Fil mai kyau yana shiga raminsa da ɗan turawar yatsa, yana fita ba da filaya ba, ba ya kuma lilo.

Mataki na huɗu: agogon awo da adafta

In famfonka VE ne, wannan ne zuciyar sayayyar. Agogon awo ɗan ƙaramin abu ne mai fuska kamar agogon hannu, da allura, da siririyar sanda a ƙasa. In aka tura sandar ciki, allura ta juya. Nemi wanda kowane layi nasa milimita 0.01 ne, zagaye ɗaya milimita ɗaya. Mai tafiyar milimita 5 ko 10 duk zai yi, amma duba faɗin fuskarsa, domin bayan famfo wuri ne matsattse, wani lokaci babba ba ya shiga tsakanin fayif da bangon inji. Ka kula kuma kada a ba ka mai awon inci alhali littafinka da milimita yake magana. Na fi son mai allura a kan mai lambobin lantarki a wannan aiki, saboda motsin allura da tsayawarta kake kallo, ido kuma ya fi saurin kama su a allura.

Adafta ita ce bututun da ke ɗaure agogon a bayan famfo, da doguwar sanda a ciki mai taɓa fulanja, wato ɗan fistin ɗin da ke tura mai a cikin famfo. Tiredin da ya fi yawa a VE shi ne M8x1, amma akwai masu bambanta, don haka ka duba naka kafin ka biya. Saitin araha yakan zo da adafta biyu ko uku da sanduna masu tsawo daban-daban. Aibinsu da aka fi gani shi ne sanda mai cijewa a cikin bututu. Riƙe adafta a tsaye ka saki sandar, ya kamata ta zame da nauyinta. In tana maƙalewa, goge ta da takardar yashi mafi laushi, ka wanke da man dizal, ka sake gwadawa. In tiredin ne bai shiga da hannu lami lafiya ba, mayar da ita. Kada ka tilasta wa kan famfo ƙarfen da bai dace ba, kan famfo ya fi saitin duka tsada nesa ba kusa ba.

Gwajin agogo kuwa da fila geji ake yi, waɗannan siraran ƙarafa na auna tazarar bawul. Ɗaure agogon yadda ba zai motsa ba, bakin sandarsa a kan gilashi ko ƙarfe mai santsi, ka mayar da allura sifili. Zura fila mai 0.10, sai mai 0.50, sai mai 1.00, ka ga ko abin da allura ta nuna ya yi daidai. Sannan ɗaga sandar ka sake ta sau goma. In kowane karo tana komawa sifili, agogon ya ci jarrabawa ko da na araha ne. In yau ta tsaya nan gobe can, babu amfaninsa ko sunan wa aka rubuta a fuskarsa.

Bari in faɗi yadda ake aiki da shi, don ka gane dalilin wannan tsanani. Ka kawo fistin na ɗaya ƙololuwarsa a bugun matsi, abin da littafi ke rubutawa TDC. Wanke bayan famfo tas, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata shi. A tsakiyar bakunan fayif akwai 'yar ƙaramar ƙusa a cikin wani babban murfi. Ƙaramar za ka cire, babban ba ruwanka da shi, kuma ka kula da wasar jan ƙarfe da ke ƙarƙashinta. Ɗaura adafta, ka tura agogo har allura ta yi zagaye biyu ko abin da littafi ya ce, ka ɗaure. In famfon yana da na'urar taimakon tashi a sanyi, sai an dakatar da aikinta tukuna, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. Yanzu juya karanshaf baya a hankali. Allura za ta yi ta sauka, can wajen digiri talatin sai ta tsaya cak ko da kana ci gaba da juyawa. A nan za ka mayar da ita sifili. Sai ka juyo gaba, a hankali, har alamar TDC ta haɗu. Abin da agogo ya nuna shi ne tafiyar fulanja, shi za ka gwama da na littafi. Yawanci bai wuce milimita ɗaya da wani abu ba, wani inji ma bai kai ɗaya ba, kuma sassaucin da ake bayarwa layuka kaɗan ne a fuskar agogon. To ka ga agogon da ke ɓata da layi biyar ya riga ya cinye sassaucin duka.

In awo bai yi ba, sassauta notocin da ke riƙe famfo, har da ƙusar da ke tallafe shi ta baya wadda ake yawan mantawa, ka ɗan saki fayif ɗin nozul don kada su ja, ka murɗa jikin famfon kaɗan-kaɗan kana kallon allura. A wasu injuna giyar famfon ce ake sassautawa maimakon jikinsa. Ɗaure, ka juya inji zagaye biyu, ka sake aunawa daga farko. Kuma duk lokacin da ka zarce alama, kada ka dawo mata ta baya. Koma can baya sosai ka sake zuwa ta gaba, don bel ya miƙe ta ɓangaren da yake miƙewa in inji na aiki.

In famfon layi ne

Nemi tsohon fayif ɗin nozul, ka yanke shi ka bar kamar tsawon yatsa biyu, ka lanƙwasa bakinsa ƙasa kamar wuyan agwagwa. Kayan aikin ke nan. Ana cire ɗan bawul da sifirin da ke cikin bakin famfo na silinda ta ɗaya, a mayar da murfin, a ɗaura wannan fayif, a tura mai da famfon hannu, ana juya inji sannu a hankali har kwararar mai ta koma ɗigo. Daidai nan ne farkon tura mai, sai a karanta digiri a kan fuli. A injunan OM616 da OM617 na Mercedes digiri 24 ne kafin TDC. In fulinka alama ɗaya kawai gare shi, zagaya shi da tef ɗin awo ka raba da 360. Fuli mai kewayen milimita 540, kowace digiri milimita 1.5 ce, digiri 24 kuma milimita 36 ke nan daga alamar. 'Yan ƙarafan da ka ciro ka ajiye su a cikin man dizal mai tsabta, kada su taɓa tsumma mai gashi.

Mataki na biyar: sifanar awon ɗauri

Nan ma kada ka yi rowa, amma ba sai ka sayi ta ƙwararru ba. Irin mai yin ƙas in ta kai awo ta isa, kuma masu kyau sukan zo da takardar gwaji da ke nuna ba sa ɓata fiye da kashi 4 cikin 100. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ba a dogara da ita a can ƙasan ma'auninta. Notin tenshina, wato fulin da ke miƙar da bel, a injuna da yawa bai wuce Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 20 zuwa 25 ba, babbar sifana mai kai wa 200 ba za ta ji wannan da kyau ba. In ɗaya kawai za ka iya saya, duba takardarka ka zaɓi wadda yawancin awon suka faɗa tsakiyarta, ɗayar ka ara. Notin tenshina shi ne wanda in ya kwance bel ya tafi, in ya yi yawa kuma tiredi ya cinye a cikin alminiyon.

Kana iya gwada ta a gida. Damƙe bakinta a bais (abin damƙe ƙarfe na kan benci) ta miƙe a kwance, ka auna daga tsakiyar bakin zuwa tsakiyar mariƙa, ka rataya nauyin da ka sani a nan. Lita 10 ta ruwa kilo 10 ce. In tazarar santimita 40 ce, lissafin shi ne 10 sau 9.81 sau 0.40, ya ba da kusan Nm 39. Saita ta ƙasa da haka kaɗan ta yi ƙas, sama da haka kaɗan ta yi shiru. In ka gama aiki ka sassauta ta zuwa awonta mafi ƙanƙanta kafin ka ajiye, kuma kada ka taɓa kwance ƙusa da ita.

Wasu ƙusoshi littafi zai ce a ɗaure su zuwa wani awo sannan a ƙara digiri, misali Nm 120 da ƙarin digiri 90. Irin waɗannan miƙewa suke yi, sau ɗaya ake amfani da su, don haka sa sababbi cikin lissafinka tun farko. Ma'aunin digiri kuwa ba dole ba ne. Ɗiga fenti a kan ƙusa da jikin fuli: kwata ɗin zagaye digiri 90 ne, daga kusurwa zuwa kusurwa a kan ƙusa mai gefe shida kuma digiri 60.

Na'urorin lantarki, da wanda bai kamata ya ruɗe ka ba

Fitilar taimin ta injin fetur ba ta aiki a dizal ita kaɗai, domin daga wayar fulogi take ɗaukar sigina. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a fayif ɗin nozul ta ji bugun mai ta kunna fitilar, amma tana da tsada, sai an dace da kaurin fayif, kuma lambar da take bayarwa ba ɗaya ba ce da awon da ake yi inji a kashe. Mai mota ɗaya a gida bai buƙace ta ba.

Na'urar sikanin kuwa ya danganta. Injunan da ke da famfo mai juyawa amma ƙwaƙwalwa ke sarrafa shi, kamar 1.9 TDI na farko-farko, fil yana kai ka kusa ne kawai. Ƙarasawar sai inji ya yi zafi an duba a kwamfuta da manhaja irin VCDS. Ƙananan na'urorin araha da ake haɗawa da wayar hannu yawanci lambobin matsala na gama-gari suke karantawa, ba sa shiga wannan sashe. Kafin ka saya, tabbatar manhajar ta san injinka. In sau ɗaya a shekaru za ka buƙata, biyan mai na'ura ya duba maka na minti goma ya fi arha.

Na hannu, aro da haɗin gwiwa

Fil da faranti na hannu ba su da laifi in sun miƙe kuma sun cika awo. Tsohon agogo na kamfanin kirki da ya ci gwajin fila ya fi sabo marar suna. Sifanar awo ta hannu ce nake ɗari-ɗari da ita, domin ba ka san sau nawa ta faɗi ƙasa ko aka yi guduma da ita ba, sai ka gwada ta da nauyi kafin ka biya. Kuma tunda bel ba kullum ake canja shi ba, in akwai masu inji irin naka da kuka saba, ku haɗa kuɗi ku sayi saiti ɗaya. Sharaɗi dai duk wanda ya karɓa ya auna kafin ya yi aiki.

Akwai ƙananan abubuwa da kan tsayar da aiki tsakar rana in babu su: sifanar tenshina mai haƙora biyu in injinka na buƙata, doguwar mariƙar soket, alƙalamin fenti fari, ɗan madubi mai sanda don leƙa alamar da ke ɓoye, sabuwar wasar jan ƙarfe, da jak da katako na tallafe inji in sai an cire kujerarsa kafin bel ya fita.

Wani aikin kuma ba na gida ba ne ko da kayan sun samu. Injin da sarƙar taimin ɗinsa ke baya ta wajen akwatin giya, kamar N47 na BMW, sai an sauke akwatin giya ko injin gaba ɗaya. In littafi ya nuna maka haka, kuɗin kayan ka kai wa makaniken da ya saba da shi.

Ranar aiki

Inji ya huce, ka cire kan batir. Kada ka taɓa sassauta fayif ɗin kwamon rel inji na aiki ko yanzu aka kashe shi: matsin ciki ya faro daga bar 1,350 a na farko, na yanzu sun haura 2,000, kuma man da ya fito a haka yana huda fata. Wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa nan take, ko da ramin bai fi na allura ba.

Kafin ka cire tsohon bel, kawo inji TDC ka gwada dukkan fil ɗinka a wurarensu. Wannan ne gwajin ƙarshe na abin da ka saya, kuma a lokacin ba ka rasa komai ba: in wani bai shiga ba, mota na nan a haɗe, kana iya tsayawa ka bincika ko fil ne ko inji. Ɗauki hoton kowace alama da yadda bel ya bi ta kan kowane fuli. Ƙirga fil nawa ka sa, ka rubuta adadin a takarda ka manna a sitiyari.

In sabon bel ya hau, tenshina ya zauna a alamarsa, an ɗaure da awo, cire fil duka. Sa soket a ƙusar karanshaf ka juya inji da hannu, ta inda yake juyawa, zagaye biyu cikakku. Za ka ji nauyin matsi yana zuwa yana wucewa kamar numfashi, wannan daidai ne. In kuwa ka ji ya tsaya ƙam kamar ƙarfe ya ci karo da ƙarfe, saki sifana nan take, kada ka ƙara ko ɗan yatsa, ka koma kan alamominka. In ya zagaya lafiya, mayar da fil ɗin ka ga kowanne ya shige da turawar yatsa, ka sake duba tenshina. Sannan ka zare su, ka jera a ƙasa, ka ƙirga su ka gwama da adadin da ke manne a sitiyari, kafin ka mayar da kan batir ka murɗa makulli.